Ganye Ba Ya Manta Zafin Da Ya Sha

 Yau zancenmu a kan ganye ne, ganyen miya da na kwaɗo, wanda kullum yake ratsa hannunmu amma ba kasafai mukan tsaya mu dube shi da kyau ba.

Ga wani abu da kusan ko wace mai girki ta sani. A sayo alayyahu ɗauri biyu, kuɗinsu ɗaya, a ajiye su wuri ɗaya a inuwar rumfa. Kafin azahar ɗaya ya yi yaushi ya kwanta kamar tsumma, ɗayan kuwa yana nan shar da shi har la'asar. Haka nan a lambu. Mata biyu su dasa tumatir rana ɗaya, su ba shi ruwa daidai wa daida, na wannan ya kama, na waccan ya langaɓe ya mutu cikin kwana uku. Sai ki ji ana cewa ai wance ba ta da hannun shuka.

To, masana ilmin tsirrai sun binciki wannan al'amari, sun kuwa gano cewa hannu ba shi da laifi. Zafi ko sanyin da ganye ya sha jiya da shekaranjiya, da irin yanayin da ya taso a ciki tun yana ƙarami, su ke nuna yadda zai riƙe ruwan jikinsa yau. Matar da ta gane haka za ta rage asarar kuɗin cefane, ta kuma daina asarar irin da ta yi makonni tana reno.

Ƙasar sanyi da zafi

Babu inda wannan magana ta fi dacewa da shi kamar ƙasar Haɗeja. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, wanda ya ratso Wudil da Ringim ya iso Haɗeja, sa'an nan ya bazu cikin fadamu har wajen Nguru, daga bisani ya haɗu da kogin Jama'are suka nufi tafkin Chadi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ta saba cika fadamu duk damina ta ragu, amma kogin ya koma gudu rani da damina. Wannan ya sa noman rani ya ƙara ƙarfi a Auyo, da Kafin Hausa, da Kirikasamma, da Guri, inda ake noman shinkafa da alkama da albasa da tattasai da tumatir da ganyaye iri iri. Mata kuwa ba a bar su a baya ba. Wata tana da fangalinta a lambun maigida, wata tana da ɗan wuri a bayan ɗaki kusa da inda ake wanke-wanke, wata kuma da kwaɗon rama ko na zogale take samun na kashewa.

Sai dai yanayin wannan ƙasa fuska biyu gare shi. A watan Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyi har ma'auni ya sauko ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu busasshiya mai fasa leɓe da dunduniya. Kafin a jima, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana ya haura digiri 40. Tsiron da aka shuka da hunturu aka ci amfaninsa da bazara ya ga duniya biyu ke nan, kuma ko wacce ta bar masa alama a jiki.

Ta ina ruwan ke fita?

Ganye yana yin gumi kamar yadda mutum yake yi. Idan aka duba shi da madubin likita, za a ga waɗansu 'yan ƙofofi, galibi a bayansa, waɗanda masana ke kira sitomata. Ƙanƙantarsu ta kai a ce wurin da bai fi faɗin ƙwayar gero ba yana ɗauke da ɗaruruwansu. Ko wace ƙofa tana da masu gadi biyu, kamar leɓɓa. Idan gari ya waye sai su buɗe don iska ta shiga, domin da iskar kabon da hasken rana da ruwa ne ganye yake haɗa abincin tsiro. Amma muddin ƙofar nan tana buɗe, ruwa yana sulalewa ta nan ya bi iska. In saiwa ta zuƙo ruwa kofi 100 daga ƙasa, abin da ke zama a jikin tsiro bai wuce kofi 2 ko 3 ba, sauran duk ta ganye yake ficewa.

Wannan ilmi ba na yau ba ne. Tun a 1727 wani Bature mutumin Ingila mai suna Stephen Hales ya buga littafi a kai. Ya riƙa auna nauyin wani tsiro da ake kira sanfulawa a cikin tukunyarsa safe da yamma, ya ga cewa a yini guda yana fitar da ruwa fiye da rabin lita.

Gumin nan ba asara ba ce zalla, don shi ke sanyaya ganye, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowar da take yi. Sai ruwan ya yi ƙaranci ne ganye yake neman tsimi, kuma makami biyu gare shi. Na farko shi ne rufe ƙofofin. A 1969 waɗansu masana biyu a Ingila, Wright da Hiron, sun gano cewa idan ganyen alkama ya fara yaushi, wani sinadari da ake kira absisik yakan ninka a cikinsa wajen sau 40. Wannan sinadari shi ne ɗan aiken da ke gaya wa masu gadi su rufe ƙofa. Makami na biyu kuwa wani kaki ne mai kama da na zuma da ya lulluɓe fatar ganye. Shi ne farin abin nan da kike gani a ganyen tumfafiya da na kabeji, wanda ke sa ruwa ya gangare bai jiƙa su ba.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, makaman nan biyu ba a haifi ganye da su a kammale ba. Kaurin kakin, da yawan ƙofofin, da saurin rufewarsu, duk suna bin irin yanayin da ganyen ya girma a ciki.

Ɗan gata da ɗan wahala

Mu fara da irin da ake reno kafin dashe. Mace ta shuka tumatir ko tattasai a gindin bishiya, ko ta yi masa rumfa da zana, tana ba shi ruwa safe da yamma. Irin nan yakan fito kore shar, dogo, mai faffaɗan ganye, abin sha'awa. Amma ɗan gata ne. Da yake bai taɓa sanin zafin rana ko ƙishirwa ba, kakin ganyensa siriri ne, ƙofofinsa kuma ba su koyi saurin rufewa ba. Ranar da aka tumɓuke shi aka kai shi fili, saiwarsa ta tsintsinke ba ta iya zuƙo ruwa sosai, ga ganye yana ta zubar da wanda ke akwai. Kafin saiwar ta warke ya riga ya bushe.

Maganin wannan shi ne horo. Idan saura kwana 7 zuwa 10 a yi dashe, sai ki fara janye rumfar kaɗan kaɗan. Kwana biyun farko ki bar shi ya sha ranar safe kawai, sa'an nan ki riƙa ƙarawa har ya iya yini a rana. Ki rage ban ruwa a hankali, amma kada ki bar shi ya kwanta. Za ki ga tsawonsa ya tsaya, karansa ya yi ƙwari, ganyen ya ƙara duhu da kauri. Ana gobe dashe sai ki ba shi ruwa ya ƙoshi, ki tumɓuke shi da ƙasarsa, ki dasa da la'asar sakaliya don ya sami dare guda na hutu kafin rana ta same shi. Tumatir yakan isa dashe a mako 4 zuwa 6, tattasai da albasa kuwa sukan kai mako 6 zuwa 8. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai kada a ɗauka cewa duk tsiron da ya saba da zafi ya zama mai tsimin ruwa. A 2012 masana a Jami'ar Biristol ta Ingila sun rena wani ɗan tsiro dangin kabeji kashi biyu, wani a digiri 22, wani a digiri 28. Wanda ya taso cikin zafi sai ya miƙa ganyayensa nesa da juna don iska ta riƙa ratsawa. Ko da yake ƙofofinsa ba su kai na ɗan'uwansa yawa ba, ya fi shi fitar da ruwa, ganyensa kuma ya fi sanyi. Wato in akwai ruwa a ƙasa, dabarar da tsiro ke koya daga zafi ita ce ya yi gumi da yawa don ya sanyaya jikinsa. Saboda haka alayyahu da rama na bazara sun fi na hunturu shan ruwa nesa ba kusa ba, kuma in aka yi musu fashin ban ruwa yini guda sai a gani a jikinsu. Horon da muka ambata ya haɗa rana da rage ruwa a hankali, shi ya sa yake koya wa iri tsimi. Zafi tare da ruwa a wadace kuwa shan ruwa yake koya masa.

Yaushin safiyar hunturu

Sanyi ma yana da nasa. Da hunturu mace takan fito da safe ta tarar da kuɓewarta ko tumatirinta sun sunkuyar da ganye, alhali jiya da yamma ta ba su ruwa, ƙasa ma da danshinta. Sai ta ƙara ɗebo ruwa ta kwarara. To, ba ƙishirwar ƙasa ke damunsu ba. Tsire-tsiren ƙasashen zafi, irin su kuɓewa da wake da auduga da tumatir, idan suka kwana cikin sanyi saiwarsu takan yi nauyi wajen zuƙo ruwa, ƙofofin ganyensu kuma su yi sanyin jiki wajen rufewa. Rana na fitowa, iskar hunturu na kaɗawa, ruwa sai ya riƙa fita ta sama fiye da yadda yake shigowa ta ƙasa.

Wani masani a Birtaniya mai suna J. M. Wilson ya nuna wannan a 1976 da irin waken Turawa. Wanda aka ɗauko daga ɗumi aka sa shi kai tsaye cikin sanyin digiri 5 ya yi yaushi. Wanda kuwa aka fara ajiye shi 'yan kwanaki a digiri 12 kafin a kai shi can, ya rufe ƙofofinsa ya tsira da ruwansa. Sanyinmu bai cika kai wa digiri 5 ba, amma daren da ya sauko kusa da 10 ya isa ya sa kuɓewa da alayyahu su tsaya cak. Alkama da kabeji da latas da karas da albasa kuwa wannan ne lokacinsu, don asalinsu na ƙasashen sanyi ne.

Saboda haka, uwargida, in kin ga yaushin safiya da hunturu, tura yatsa cikin ƙasa tukuna. In da danshi, ki dakata sai hantsi ya ɗaga ƙasa ta yi ɗumi, sau da yawa ganyen zai miƙe da kansa. Yawan ruwa a ƙasa mai sanyi ruɓar da saiwa yake yi. Ki baza tattaka ko ɓuntun shinkafa a gindin shukar don ya riƙe ɗumin yini, ki kuma kafa danga ta kara ko zana ta arewa maso gabas, don ta nan iskar hunturu ke fitowa.

Daga lambu zuwa madafa

Yanzu sai ganyen da aka riga aka tsinke. Tsinkewa ba ta kashe ganye nan take. Yana nan yana numfashi yana fitar da ruwa, sai dai babu saiwar da za ta mayar masa. Da zarar ya rasa kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa, yaushi ya bayyana ke nan, kuɗinsa ya faɗi.

Ganyen da aka yanka da asuba ya kwana yana shan ruwa, jikinsa cike yake, ga sanyin dare a tare da shi. Wanda aka yanka da tsakar rana kuwa tun yana kan uwarsa ya riga ya ci bashin ruwa, sa'an nan ya taho da zafin gona a jikinsa. Ko an kai shi inuwa, zafin nan ba ya fita nan da nan, musamman in an danne shi cikin buhu, kuma muddin ganyen yana da ɗumi ruwa yana ta ficewa. Iska mai zafin digiri 40 tana iya ɗaukar ruwa fiye da ninki biyu na wanda mai digiri 25 za ta ɗauka. Numfashin ganye ma yakan ninka duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Bugu da ƙari, a tsirrai da yawa, in zafi ya wuce wajen digiri 35 kakin nan yakan sassauta, ruwa ya riƙa ratsa fatar ganye ko da ƙofofin suna rufe. Sa'a guda da ɗaurin alayyahu ya yi a rana, a kan faifan talla ko a bayan babur, ta isa ta rage masa kwana.

Don haka in a lambunki ne, ki yi yanka kafin hantsi. In saye za a yi, ki gaya wa maigida ko yaron da za ki aika ya yi sammako, ya kuma cusa hannu cikin tsakiyar ɗaurin. In ya ji ɗumi, ganyen ya sha rana ko an danne shi, ko da an yayyafa masa ruwa yana ƙyalli a waje. Da isowarsa gida ki kwance ɗaurin, ki tsoma shi cikin ruwan randa mai tsabta na ɗan lokaci don zafin ya fita, ki kakkaɓe, ki naɗe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta, ki ajiye a ƙwarya gindin randa. Kada ki bar shi ya kwana cikin ruwa, don ruɓewa zai yi. Kada kuma ki ɗaure shi a baƙar leda yana da ɗumi.

Akwai wata dabara da wani malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, marigayi Malam Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tun daga wajen 1995. Tukunyar ƙasa ce ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a sa kayan miya cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a riƙa ƙara wa yashin ruwa sau biyu a rana. A gwajin da ya yi, alayyahun da ba ya wuce kwana ɗaya ya kai kwana 12, yalo kuwa daga kwana 3 ya kai 27. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ɗaya daga cikin burinsa shi ne 'yan mata su huta da tallar kullum ta gudun kada kaya su lalace, su sami zuwa makaranta. Tukunyar ta fi aiki da rani lokacin da iska ke bushe, da damina kuwa sanyinta yakan ragu.

Mai firji ma ta lura. Kabeji da latas da karas suna son sanyi ƙwarai. Amma kuɓewa da yalo da kokwamba da tumatirin da bai nuna ba, in suka daɗe cikin sanyin da ya gaza wajen digiri 10, fatarsu takan yi rauni. Ba a cika ganin illar a cikin firji ba sai an fito da su, nan ne kuɓewa za ta yi baƙi baƙi, kokwamba ya yi 'yan ramuka, su yanƙwane da sauri fiye da waɗanda ba su taɓa shiga ba. In dole ne, ki sa su a aljihun ƙasa na firjin, ki yi amfani da su ranar da kika fito da su.

Aiki ga 'yan makaranta

Ku kuma 'yan mata, gani ya kori ji. Ga gwaji uku da ba su bukatar ko kwabo. Na farko, ki sami farar leda mai ganin ciki, ki cusa reshen zogale ko na darbejiya mai ganye a ciki tun yana jikin bishiyarsa, ki ɗaure bakin da zare da hantsi. Kafin azahar za ki ga ruwa ya taru a ciki. Gumin ganye ke nan.

Na biyu, ki tsinko ganyen yakuwa uku masu girma ɗaya. Ki shafa wa ɗaya man basilin a baya, ɗaya a gaba, na uku ki bar shi haka nan. Ki rataye su a inuwa, ki duba wanda zai riga yaushi da wanda zai daɗe, sa'an nan ki gaya wa malamarku ta ina ƙofofin suka fi yawa.

Na uku shi ne ainihin zancenmu na yau. Ki raba ɗaurin alayyahu gida biyu daidai. Ki bar rabi a rana sa'a guda, ɗaya rabin a gindin randa. Bayan nan ki haɗa su wuri ɗaya a inuwa, ki riƙa dubawa duk sa'a kina rubutawa. In makarantarku tana da sikeli, ki auna nauyinsu da farko da ƙarshe ki fitar da kashi nawa cikin 100 ko wanne ya rasa. Hanyar da Hales ya bi ke nan kusan shekara 300 da suka wuce, kuma da irin wannan ake fara zama masaniyar aikin gona.

'Yan'uwa, mu riƙa tambayar tarihin ganye kafin mu ga laifinsa ko laifin hannunmu. Iri a hore shi kafin dashe, shukar hunturu a tsare ta daga iska a daina cika ta da ruwa, ganyen miya kuma a fitar masa da zafi da zarar ya shigo gida. Wadda ta gwada tukunya cikin tukunya, ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan, muna so ta rubuto mana abin da ta gani don sauran mata su ƙaru.